Sabuwar Kwamfuta Ta Ƙi Tashi, Laifin Wa?

Ina so in yi magana a kan wata ɗabi'a tamu wadda nake ganin gyara ya kamace ta. Da zarar yaro ya haɗa sabuwar kwamfuta ta tebur, aka danna maɓalli ta ƙi tashi, sai uba ya ce mai kanti ya cuce shi, ko kuwa yaro ya ɓarnatar masa da kuɗi. Daga nan sai a kafa doka, kada wanda ya sake taɓa sukundireba a gidan. A ganina wannan gaggawa ce, kuma abin da ya same mu shi ne hujjata.

A dogon hutun da ya wuce, mahaifinmu ya ba yayana kuɗi ya sayo kayan kwamfuta ɗai-ɗai, muka yi kwana biyu muna ɗaure-ɗaure. Da muka kunna, fankoki suka juya, amma allon kallo baƙi ƙirin. Baba ya dube mu ya ce, "To, injiniyoyi, ina kuɗina?" Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi mana haƙuri zuwa gobe."

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, kwamfuta takan faɗi inda ke mata ciwo. Kafin ta nemi Windows, akwai wani ɗan shiri a cikin babban faifanta da ake kira bayos, wanda ke duba sassa bi da bi. Faifai da yawa na yanzu suna da ƙananan fitilu huɗu, an rubuta musu CPU, DRAM, VGA da BOOT, kuma wadda ta tsaya a kunne ita ce ke nuna inda aka maƙale. Tamu a kan DRAM ta tsaya. Ashe sandar ram guda ce ba ta zauna sosai ba, don mun ji tsoron dannawa har maƙallinta ya ce ƙas. Bugu da ƙari, mun sa sandunan biyu a rami na 1 da na 2, alhali littafin da ya zo cikin kwali ya ce na 2 da na 4, in an ƙirgo daga wajen firosesa. Littafin nan kuwa, kunya ta sa ni faɗa, ko buɗe shi ba mu yi ba.

Irin waɗannan kurakurai suna da yawa. Wani ya sa babbar waya mai baki 24, ya manta da ƙarama mai baki 8 da ke ba firosesa wuta. Wani ya cusa wayar allon kallo a bayan babban faifai maimakon katin hoto. Wani lokaci ma ba laifin hannun kowa ba ne: a 2020, da kamfanin AMD ya fito da Ryzen 5000, faifan da aka ƙera kafin nan ba su gane shi ba sai da aka sabunta musu bayos.

Ba a nan wahalarmu ta ƙare ba. Bayan ta tashi, da an ba ta aiki mai nauyi sai ta ɗauke ɗif. Baba ya ce wutar lantarki ce, ya sayo sitabilaiza, ba ta daina ba. Nan ne Yaya ya yi abin da ya burge ni. Ya ɗauko littafin rubutu, ya ce abu ɗaya za mu riƙa canzawa, mu gwada, mu rubuta, domin in ka canza uku a tare ba za ka san wanne ne mai laifi ba. Muka bar manhajar MemTest86 ta kwana tana gwada ram, ba ta sami kuskure ba. Sai muka duba zafin firosesa, muka ga ya yi yawa ko ba ta aikin komai. Da muka kwance abin sanyaya shi, ga 'yar ledar da kamfani ke liƙawa a gindinsa tana nan daram, ta hana zafi fita.

Ban ce iyaye ba su da hujja ba. Kuɗin da gumi aka samo su, kuma hannun da bai iya ba yana iya lanƙwasa allurorin da ke ramin firosesa. Dole a zare filogi kafin a taɓa komai. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa, lantarkin da ke taruwa a jiki yana iya lalata kaya, sai mutum ya fara taɓa ƙarfen akwatin tukuna. Akwatin wuta kuwa kada yaro ya buɗe cikinsa ko kusa, don yana riƙe wuta ko an kashe. Kuma akan sayo kaya mara kyau, shi ya sa ake adana rasit da kwali. Amma wanda ya gwada ya rubuta, in ya koma kanti zai ce ga abin da ya lalace, ba hayaniya zai je yi ba.

Saboda haka ina roƙon iyaye su ba yaro ko da mako guda kafin su ƙwace sukundireba. Ina kuma roƙon Shugaban Makaranta, in akwai tsofaffin kwamfutocin da aka daina aiki da su, a ba mu ko biyu mu riƙa kwancewa muna ɗaurawa ranar Asabar, wani malami yana kula da mu.