Saurin Hannu Ba Shi Ne Gwanintar Kiɗa Ba

Wani marubuci ya fito a jarida yana cewa gwanin makaɗi shi ne wanda ya fi saurin hannu da yawan salo. Malam, ka yi kuskure babba. Je ka filin dambe a Kazaure ko Roni bayan kaka, ka saurari mai kalangu. Ba a tara jama'a don kallon hannunsa ba. Aikinsa ya kaɗa taken ɗan dambe daidai lokacin da jikinsa zai tsima, in ya cika ƙawa har taken ya ɓace, ya ɓata wasa. Makaɗan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sun yi shekara da shekaru suna riƙe kiɗa guda don muryarsa ta sami wurin yawo, haka masu kotson Ɗanƙwairo suke barin fili ga 'yan amshi.

Za ka ce ai wannan rashin iyawa ne. Ina! Riƙe kiɗa tsawon dare ba kuskure ya fi gudu wuya. Ko a Ingila an raina Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar Beatles, don sauƙin bugunsa, amma waƙoƙinsu suna nan tsaye a kansa. Makaɗin da ya danne mawaƙinsa bai iya kiɗa ba.