“Na'urarku Ce”: Amsar Da Ke Cinye Tarihin Gidajenmu

Akwai wata amsa da masu ɗaukar bidiyon biki suka haddace, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, har da garuruwan da ke tsakaninsu irin su Zauro da Ambursa. Za a kai wa uwar amarya faifan DVD na bikin 'yarta, a tara 'yan uwa a falo, a saka faifai, na'ura ta yi ta ƙugi, can ta rubuta cewa babu komai a cikinta. Ko kuwa hoto ya fara lafiya, ana tsakiyar kallon kamu ya tsaya cak, fuskar amarya ta farfashe. Idan aka koma wa mai bidiyo, sai ya saka faifan a kwamfutarsa, ya juyo da allon ya ce: “Ga shi yana yi. Na'urarku ce.”

Ina ganin lokaci ya yi da za mu daina karɓar wannan amsa. Faifai ya buɗe a kwamfuta ba hujja ba ce ta cewa an yi shi daidai, domin kwamfuta tana karanta kusan duk abin da aka ba ta, na'urar DVD kuwa tana da ƙa'idar da ba ta ƙetarewa. Galibin cututtukan da ke kama faifan biki suna da sanannen dalili, kuma dalilin yana komawa ne ga teburin da aka tace hoton aka ɗora shi a faifai. Wanda ya san waɗannan dalilai ba za a sallame shi da kalma biyu ba.

Mu fara da faifan da na'ura ta ƙi gani sam. Tun da DVD ya fito kasuwa a Japan a 1996, tsarinsa ɗaya ne: dole a juya hoton zuwa samfurin da ake kira MPEG-2, a zuba shi cikin wata folda mai suna VIDEO_TS, tare da ƙananan fayilolin da ke gaya wa na'ura inda za ta fara da inda za ta bi. Mai bidiyon da ke sauri yakan tsallake wannan mataki, ya kwashi fayil ɗin MP4 yadda ya fito daga manhajar tacewa ya jefa a faifai, kamar yadda ake tura waƙa a memori. Kwamfuta za ta buɗe shi, wasu sababbin na'urori ma za su buɗe, amma tsohuwar na'urar da ke gidan surukai ba ta san da zamansa ba. Gano wannan ba ya buƙatar gwani. A buɗe faifan a kwamfuta a duba abin da ke ciki. In babu waccan folda, to abin da aka ba ku ba faifan kallo ba ne, ko da an manna hoton ango da amarya a bayansa. Dalili na biyu shi ne rashin rufe faifai. Bayan an gama ɗora hoto, akwai matakin ƙarshe da ke rubuta jadawalin abin da ke ciki, ya kulle faifan. In aka cire shi kafin a yi haka, sau da yawa na'urar da ta buga shi kaɗai ke iya karanta shi. Aikin 'yan mintoci ne, amma a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, kuma mai shago na lissafin man janareta, shi ne matakin da ake fara yankewa.

Sai faifan da ke buɗewa amma hoton na karkarwa, musamman idan kamara ta zagaya taro. Najeriya tana kan tsarin talabijin na PAL, mai hotuna 25 a kowace daƙiƙa, yayin da Amurka da Japan ke kan NTSC, mai kusan 30. Wayoyin hannu da kamarori da yawa suna zuwa ne a saite kan 30. Idan mai tacewa ya haɗa abin da kamara ta ɗauka da abin da ƙawayen amarya suka turo daga wayoyinsu, ya bar manhaja ta daidaita su yadda ta ga dama, to za ta zubar da hoto ɗaya cikin kowane shida don ta sauko daga 30 zuwa 25. Wannan ratsewar ce ido ke gani kamar tuntuɓe. Wayar kuma ba ta riƙe gudu ɗaya. Takan rage yawan hotuna idan haske ya yi ƙaranci. Shi ya sa za ku ga malam yana addu'a, baki na motsi, murya kuwa ta yi gaba ko ta biyo baya, kuma tazarar na ƙaruwa yayin da kallo ke nisa. Haka nan idan kowa a bikin ya zama dogo siriri, ko gajere mai faɗi, sau da yawa an kuskure ne wajen gaya wa faifan ko hoton mai faɗin 16:9 ne ko 4:3. Galibin waɗannan ba na'urar gida ce ke haddasa su ba.

Cuta mafi ciwo ita ce ta faifan da ke tafiya lafiya har sai an kusa ƙarshe. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7. A inganci mai kyau, hoton awa ɗaya da 'yan mintoci ke nan. A matsakaici, awa biyu. Bikinmu kuwa ba ya ƙarewa a awa biyu: ga sa lalle, ga kamu, ga ɗaurin aure, ga walima, ga kai amarya. Maimakon a raba su faifai biyu ko uku, sai a matse awa huɗu a guda, hoto ya dagule, a kuma cika faifan har bakinsa. Ana rubuta faifai ne daga tsakiya zuwa gefe, kuma gefen nan shi ne wurin da faifai mai araha ya fi rauni, shi ne kuma inda yatsu ke taɓawa. Sai a ƙara da buga shi a gudu mafi tsanani da kwamfuta ta yarda, ninki 16, don a sallami layi, alhali ninki 4 ko 8 ya fi ba da rubutu mai tsabta. Sauri ya haifi nawa. Abin da ke ƙarshen faifan biki kuwa shi ne abin da ya fi komai daraja: nasihar iyaye, kukan rabuwa, addu'ar tsofaffi. Daidai wurin ne yake tsayawa.

Adalci ya sa a faɗi cewa wani lokaci na'urar ce da gaske. Ƙurar hunturu tana rufe idon leza, lezar kanta tana rauni da tsufa, kuma wasu tsofaffin na'urori suna karɓar DVD-R su ƙi DVD+R, domin rukunin kamfanoni ne biyu suka yi gasa suka fito da samfuri biyu. Amma gwajin wannan ma mai sauƙi ne: a saka wani faifan bikin da aka san yana yi, a kuma kai wanda ake zargi gidan maƙwabta biyu. In ya ƙi a na'ura uku, an gama shari'a. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da abin da ke faruwa jefi-jefi ya zama amsar kowace rana.

Masu sana'ar suna da tasu hujjar, kuma ba wofi ba ce. Za su ce mai biki yana kashe maƙudan kuɗi a kan anko da abinci da wurin taro, in aka zo kan bidiyo sai ya yi ta ciniki kamar zai sayi albasa a kasuwar Aliero. Za su ce faifai mai kyau ya yi wuya, kuma gaskiya ne: kamfanin Taiyo Yuden na Japan, wanda masana suka fi yarda da faifansa, ya daina yin su a ƙarshen 2015, kasuwa ta koma hannun masu araha. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na yarda da wannan duka, na kuma yarda cewa laifi tudu ne, mu masu biki muna tsaye a kan namu. Sai dai rufe faifai ba ya cin kuɗi. Zaɓar PAL ba ya cin kuɗi. Manhajojin buga faifai irin su Nero da ImgBurn suna da wurin da ake latsawa su sake karanta faifan bayan an gama, su tabbatar abin da aka rubuta ya yi daidai da na asali. Wannan ma kyauta ne. Ajiye tsohuwar na'urar DVD guda a shago don gwada kowane faifai daga farko zuwa ƙarshe kafin a miƙa shi, ba jari ba ne da zai karya kowa. Tela ba ya miƙa riga da hannu ɗaya a buɗe ya ce jikin mai ita ne ya karkace.

Wasu kuma za su ce wannan duk tsohon zance ne, wa ke kallon DVD yanzu? Kamfanin Microsoft ma ya cire manhajar yin DVD daga Windows tun fitowar Windows 8 a 2012, sababbin kwamfutocin cinya ba su da ramin faifai, finafinan Hausa da suka bi ta kaset da VCD da DVD sun koma YouTube. Haka ne. Amma wannan hujja tana ƙara wa maganata nauyi ne. Bukukuwan da aka yi a gidajenmu tsawon shekarun da faifai ya yi yana mulki, suna kwance yanzu a cikin durowa da akwatunan lefe, kuma faifan da aka buga a kwamfuta ba irin na masana'anta ba ne. Na masana'anta, mai ciki kamar azurfa, an danna rubutunsa ne a jikin roba. Na shago, mai ciki shunayya, rini ne leza ta ƙona, rini kuwa zafi da hasken rana da danshi suna cin sa. Garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, damina kuma ta cika fadamar Rima da danshi, ba wurin da faifai zai yi tsawon rai ba ne. Wanda ya yi lafiya ranar da aka karɓo shi, yana iya mutuwa a cikin kwalinsa ba wanda ya taɓa shi.

Nan ne babban laifin yake, wanda ya fi duk na baya: goge na asali. Mai bidiyo yana miƙa faifai, bayan mako ɗaya ko biyu ya share fayilolin don ya sami wurin bikin gaba, mai biki kuma bai tambaya ba domin a zatonsa faifan shi ne bidiyon. Faifai kwafi ne, kuma raunanan kwafi. Kamarar yau tana ɗaukar hoto mai ɗigo 1920 a faɗi, 1080 a tsaye. DVD yana ɗaukar 720 da 576. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan cif. An biya kuɗin hoto cikakke, an karɓi ɗaya bisa biyar ɗinsa a kan abin da ke ruɓewa, an zubar da sauran. Duk kuskuren da na lissafa a sama ana gyara shi cikin yini guda in fayil na asali yana nan. In babu shi, murya da ta ɓace ta ɓace.

Ku tuna kuma abin da ke cikin waɗannan faifai. Akwai kakannin da ba su taɓa tsayawa gaban wata kamara ba sai ta ranar bikin jikarsu. Akwai saukar karatu, da naɗin sarauta, da tarbar alhazai, da makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya ba su taɓa shiga ɗakin naɗar murya ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a 2020. Duk wanda ke da faifan da wani ɗan uwansa ya ɗauka a bakin Matan Fada a 2008 ko 2009, yana riƙe da shaidar da ba za a sake ɗauka ba. Zai kyautu gidan tarihi na Kanta da ke Argungu da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi su buɗe ƙofa ga iyalan da ke son ajiye kwafin irin waɗannan hotuna, amma ba sai mun jira su ba.

Abin yi a bayyane yake. Wanda zai yi biki ya sa sharaɗi tun wajen ciniki: za a ba shi fayilolin asali da kuma wanda aka tace, a kan filas ko ma'ajiyar kwamfuta ta waje da shi zai saya, kuma ba zai cika kuɗi ba sai ya ga faifan ya yi daga farko har ƙarshe a na'urar gidansa. Kada ya yarda a turo masa ta WhatsApp a matsayin bidiyo, domin manhajar tana matse hoto. Wanda kuma ke da tsofaffin faifai ya fito da su a wannan makon, ya goge su da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, ba a zagaye ba, ya nemi kwamfuta mai ramin faifai ya kwafe foldar VIDEO_TS gaba ɗaya. Manhajar VLC tana kunna ta yadda take. In faifan ya ƙi a kwamfuta ɗaya, a gwada wata, domin idon leza ya bambanta. A yi kwafi uku, ɗaya ya zauna a wani gida daban, a wani gari in da hali. Mutanen da suka ga ambaliyar 2020 a Kebbi ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalili.

Ga masu sana'ar kuwa, wanda ya fara rubuta wa abokin cinikinsa a takarda cewa zai riƙe masa fayilolin asali na wata shida, ya kuma gwada faifai a gabansa, shi ne zai kwashe bukukuwan garin, kuma ya cancanci ya ƙara kuɗi. Amana ce aka ba shi ta ranar da ba ta dawowa. In ya ce “na'urarku ce”, ku tambaye shi abu ɗaya: ina na asalin?