Nasiha Ga Matasan Gobir Masu Jiran Shiga Karatun Likita

 

Ya ku 'yan'uwa, a kowace shekara akwai samari da 'yan mata a Turba da Isa da Sabon Birni da Gatawa waɗanda suke gama sakandare da niyyar karatun likita, sai sunayen waɗanda aka ɗauka su fito babu nasu. Daga nan sai su shiga jira na shekara guda ko fiye. Ra'ayinmu shi ne, wannan jira shi ne yake rarrabe wanda zai zama likita da wanda zai tsufa yana ba da labarin ya so ya zama likita, domin kuwa mafi yawa suna ɓatar da shi a majalisa da shayi da latsa waya, sai wata guda kafin jarrabawa su ɗauko littafi.

Ya kamata kowa ya san girman abin da yake nema. Jarrabawar JAMB maki 400 ce, kuma mai neman likitanci zai amsa Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, tambayoyi 180 cikin awa biyu. Sakamakonta na shekarar da aka rubuta ta ne kawai. Haka kuma ana buƙatar kiredit a waɗannan darussa huɗu da Lissafi a WAEC ko NECO, kuma jami'o'i da dama suna son a same su a zama ɗaya. Sannan majalisar da ke kula da aikin likita a ƙasa, wato MDCN, ita ce take ƙayyade adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka. Don haka Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, ba ta da ikon ɗaukar duk wanda ya ci, sai waɗanda suka fi ci. Wanda ya samu shiga kuwa yana da shekara shida a gaba, da shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Wanda ya kasa riƙe kansa wata goma a gida, yaya zai riƙe kansa shekara bakwai?

Abu na farko, ɗalibi ya ɗauko sakamakonsa ya duba darasin da ya kayar da shi, ya daina ɗora laifi a kan rashin uwa a gindin murhu. Mu da muka yi karatun zaure mun san ba a tsallake babi sai an tabbatar da na baya, kuma ba a barin tilawa. Wannan tsari shi ne maganin Fiziks da Kemistiri: a ware awa biyu bayan sallar Asuba, a samo manhajar JAMB, a bi ta babi bayan babi, a haɗu mutum uku ko huɗu ana yi wa juna tambaya, kuma a nemi malamin sakandare ya riƙa duba aikin ko da sau ɗaya a mako.

Na biyu, tun daga 2015 da kwamfuta kawai ake rubuta wannan jarrabawa, kuma tun 2021 ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa zai ƙarar da lokacinsa yana neman inda zai danna, alhali kuwa ya san amsa. A je shagon kwamfuta a biya kuɗi kaɗan a saba da ita, a kuma gyara suna da ranar haihuwa a takardu tun da wuri.

Na uku, a kusanci marasa lafiya ta hanyar da ta halatta. Ɗalibi ya nemi izinin shugaban asibitin garinsu ya taimaka da rubuta kati, da awon nauyin yara, da bin ma'aikatan rigakafi gida gida. Da irin wannan aiki ne aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a watan Agusta na 2020. A nan zai gane ko zai iya jure jini da wari da kukan uwa. Amma muna gargaɗi da babbar murya: kada mai jira ya koma likitan kemis, yana allura da ƙarin ruwa da rubuta magani don an ji yana son likitanci. Rai amana ne, kuma wanda ya taɓa shi da jahilci zai amsa a gaban hukuma da gaban Ubangijinsa.

Na huɗu, a yi sana'a a tara guzuri, ko noman rani a fadamar Rima, ko ɗinki, ko koyarwa a Islamiyya. Kuɗin rajista da na mota zuwa Sakkwato sun hana yara masu ƙwazo rubuta jarrabawa.

Wani zai ce muna magana kamar ba mu san halin da ƙasar take ciki ba. Mun sani. A Satumban 2021 an katse layukan waya a yankin, a Disambar shekarar aka ƙona matafiya daga Sabon Birni cikin mota, a Agustan 2024 kuma aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun 'yan bindiga. Iyalai da yawa sun yi hijira zuwa jihar Maraɗi. To amma wannan hali shi ne babbar hujjarmu. Ƙasar da baƙon ma'aikaci yake tsoron kwana cikinta, 'ya'yanta ne kaɗai za su zauna su yi mata magani. Kuma saurayin da ba shi da abin yi shi ne wanda masu ƙwaya da masu neman 'yan leƙen asiri suke fara nema. Wanda zaman ƙauye ya gagare shi karatu, dangi na birni su ɗauke shi.

Imamu Gazali ya lissafa ilimin likita cikin farillan kifaya, waɗanda in al'umma duka ta bar su duka ta yi laifi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani duk da nauyin mulki da ke kansa. Saboda haka masu hali da kwamitocin masallatai su ɗauki nauyin rajista da littattafai na yara kaɗan kowace shekara. Iyayen 'yan mata kuma su sani, macen da take jin nauyin likita namiji har ciwo ya ci ƙarfinta, 'yarsu ce za ta cece ta. In aure ya zo cikin jira, a yi sharaɗin ci gaba da karatu tun kafin a ɗaura.

Daga ƙarshe, jira ma yana da iyaka. Wanda ya gwada sau biyu da gaske bai samu ba, ya duba hanyar IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello, ko ya nemi aikin jinya da unguwarzoma, ko harhaɗa magani, ko awon jini, ko kwalejin kiwon lafiya ta Gwadabawa. Babu asibitin da likita yake tafiyar da shi shi kaɗai.

Allah Ya sanya albarka cikin lokacin matasanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya.