Filin Jirgin Saman Kaduna Da Mutanen Bakin Ruwa

Tun shekarar 1925, sa'ad da jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, ƙasar nan ta saba da jirgin sama. Amma har wa yau amfaninsa bai wuce manyan birane ba. Mu mazauna Narayi muna iya karya kumallo a gida, mu yi sallar azahar a Ikko. Malamin da aka tura wani ƙauye a bakin tafkin Kainji kuwa, sai ya yini cikin mota, kana ya shiga kwalekwale.

Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta tara ruwa mai tsawon mil 80 ko fiye. A watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara, mutane masu yawa suka halaka. A kan irin wannan ruwa ne ake ƙetarewa da majiyyata, da magani, da takardun jarrabawa.

Shawararmu ita ce Gwamnati ta ajiye ƙananan jirage a filin Kaduna, waɗansu masu ƙafa, waɗansu masu sauka bisa ruwa. A Kanada da Alaska da irinsu ake kai wa ƙauyuka wasiƙu da likita. Jirgin da ake kira Twin Otter yana ɗaukar mutum 19, ana kuma sa masa ƙafa ko abin iyo, gwargwadon bukata. Tafkin da kansa shi ne fili, ba sai an zuba kwalta ba.

Filin Kaduna ba zai kasa ba, gama a 1917 babu shi, amma a 2017 shi ya karɓi jiragen Abuja har mako shida. Ga kuma makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964.

Za a ce abin da tsada. Gaskiya ne, jirgi ba zai kai kowa kasuwa ba, tilas a gyara jiragen ruwa, a hana lodi fiye da kima. Amma mace mai doguwar naƙuda ba ta iya jiran gari ya waye.

To, malamai da akawuna, ku kuka san ƙauyukan da damina ke yankewa. Ku rubuta sunayensu da nisansu daga asibiti, ku miƙa wa wakilanku. Allah ya sa a duba.