Binciken Ciwon Daji: Ina Rabon Talakan Kakuri?

Sanin kowa ne cewa ciwon daji ya fi kisa ne saboda a makare ake gane shi. Wannan ne ya sa masana a ƙasashen Turai da Amurka suka duƙufa wajen neman hanyar da za a riƙa kama shi tun yana ɓoye, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da ake sa wa rai ita ce ta wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ake kira eksosom.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kuma waɗannan ƙwayoyi kan saki irin waɗannan jakunkuna zuwa cikin jini da fitsari da yawu. Ƙanƙantarsu ta kai sai an jera ɗaruruwa kafin su kai kaurin silin gashi guda. Da aka fara gano su a shekarar 1983, an ɗauka shara ce kawai ƙwayar halitta ke zubarwa. Sai a 2007 masana a Suwidin suka nuna cewa saƙo suke ɗauke da shi daga wata ƙwaya zuwa wata. A 2008 kuma aka samu alamun dajin ƙwaƙwalwa a cikin jakunkunan da ke jinin masu ciwon. Ke nan ƙwayar da ta kamu da kanta take tona asirinta. Tun 2016 ake yin gwajin fitsari irin wannan a Amurka, don taimaka wa likita ya san wane namiji ne ya kamata a gutsuri tsokarsa a duba dajin da ke kama gindin mafitsara. Amma mafi yawan gwaje-gwajen suna ɗakin bincike, domin tace jakunkunan nan na bukatar na'urori masu tsada da wutar da ba ta ɗaukewa.

To, abin tambaya a nan shi ne, ina rabon talakan Kakuri a wannan ci gaba? Unguwa ce da masaƙu suka raya tun kafa masaƙar KTL a 1957, da masaƙun suka durƙushe kuwa sai dubban magidanta suka wayi gari ba albashi. Akwai asibitoci, irin su na Gwamna Awan da na St. Gerard, amma wanda ke fama da abin da za a ɗora a tukunya ba ya zuwa gwaji alhali yana jin lafiyarsa lau. Sai ƙari ya fashe, sannan a sayar da ɗan abin da ya rage a nufi asibitin koyarwa na Shika, a lokacin da likita ba shi da sauran dabara.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 sama da mutum 120,000 ne suka kamu da daji a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Abin takaici shi ne, dajin nono da na bakin mahaifa, waɗanda suka fi addabar mata, ana iya kama su da wuri ba tare da jiran wata sabuwar fasaha ba. Ana duba bakin mahaifa da ruwan khal a ƙaramin asibiti, kuma tun 2023 aka fara yi wa 'yan mata allurar rigakafinsa kyauta. Mahukunta sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma gwamnatin tarayya ba ta cika ba. Wanda ya kasa kai gwajin araha unguwa, yaushe zai kai mai tsada?

Su ma jama'a da nasu laifin. Maganar nan da ake yi cewa daji jifa ne, ko ba ya son allura, ta kai mutane da yawa kabari. Wajibi ne malamai su faɗakar a masallatai da makarantun Islamiyya cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, magidanta kuma su daina hana iyalansu zuwa asibiti. Duk macen da ta ji ƙullutu a nono, ko ta ga jini ba lokacin al'ada ba, kada ta jira sai ya yi zafi.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya kare masu ita.