A Kori Koci, Ko A Yi Masa Haƙuri?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kallon ƙwallo ran Asabar da yamma ya san abin da kan biyo bayan busa ta ƙarshe. Tun kafin 'yan wasa su fice daga fili an yanke hukunci: a kori koci. Masu ganin a yi haƙuri kuwa hujjarsu guda ce, sunan Alex Ferguson. Muna ganin ya kamata a duba wannan hujja da idon basira, domin an fi ambatonta fiye da yadda aka fahimce ta.

Manchester United ta ɗauki Ferguson a watan Nuwamba na 1986. A kakar 1988/89 ƙungiyar ta ƙare a matsayi na 11, a ta gaba kuma na 13. A watan Satumba na 1989 maƙwabciyarta Manchester City ta lallasa ta da ci 5 da 1, magoya baya suka shiga kiran ya tafi. Kofinsa na farko, na FA, sai a 1990 ya zo. Kofin gasar Ingila kuwa sai a 1993, bayan ƙungiyar ta yi shekara 26 rabonta da shi. Ya sauka a 2013 da irin wannan kofi guda 13.

To, amma me shugabannin ƙungiyar suka gani har suka daure? Sun ɗauko mutumin da ya ci gasar Sukotilan sau 3 da Aberdeen, ya kuma doke Real Madrid a wasan ƙarshe na wani kofin Turai a 1983. Suna kuma ganin aikin da 'yan kallo ba su gani: ya yaƙi shaye-shaye a tsakanin manyan 'yan wasa, ya farfaɗo da renon yara, inda su Giggs da Beckham da Scholes suka fito. Wato haƙurin nasu na manomi ne da ya san irin da ya shuka. Wanda bai san abin da ke cikin ƙasa ba, zamansa a bakin gona ba haƙuri ba ne, sakaci ne.

Kada kuma a ce kora ba ta taɓa amfani ba. Chelsea ta sallami Villas-Boas a watan Maris na 2012, ta ɗauki kofin zakarun Turai a watan Mayu. Ta sallami Lampard a Janairun 2021, Tuchel ya sake kawo mata kofin a shekarar. Sai dai ƙungiya ce da dukiyar Abramovich ta tara mata gwanaye, kowa ya hau kujerar zai tarar da tukunya a kan wuta. Ban da haka, akan kori koci ne sa'ad da abubuwa suka kai maƙurar lalacewa, kuma daga nan da wuya su ƙara muni ko da an bar shi. Sabon shiga sai ya kwashe yabon.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda ba a tambaya. United ɗin nan ta ba David Moyes kwantiragin shekara 6 a 2013, ta kore shi cikin wata 10. Ta tsawaita wa Ten Hag wa'adi a watan Yuli na 2024, ta sallame shi a Oktoba. Ɗayan biyu ne: ko an yi kuskure wajen ɗauka, ko wajen kora, kuma duka biyun aikin masu ofis ne, ba na mai tsayuwa a gefen fili ba.

A nan gida lamarin ya fi ciwo. Marigayi Shu'aibu Amodu ya kai Nijeriya gasar cin kofin duniya ta 2002 da ta 2010, kuma sau biyun an sauke shi kafin a tafi. Clemens Westerhof kuwa, wanda Aljeriya ta ci ƙungiyarsa 5 da 1 a wasan farko na kofin Afirka na 1990, an bar shi, ya kawo kofin a 1994. Galibin ƙungiyoyin gasarmu mallakar gwamnatocin jihohi ne, kuma ba baƙon abu ba ne a ji an ba koci wa'adin wasa uku alhali shi da yaransa suna bin bashin albashi.

Da yawa daga cikinmu za su tsinci kansu a ma'aikatun wasanni da kwamitocin waɗannan ƙungiyoyi, wasu ma sun riga sun shiga. Abin da muke nema gare su kaɗan ne. A rubuta wa koci abin da ake so ya cimma da kuma wa'adinsa tun ranar ɗauka. A biya shi, a biya 'yan wasansa kan kari. A auna shi a ƙarshen kaka, ba a daren da aka sha kashi ba. In har za a sallame shi kafin lokaci, to wanda ya sa hannu a takardar ɗaukarsa ya fito gaban magoya baya ya faɗi dalili, ya kuma faɗi ko nawa sallamar za ta ci daga baitulmalin jiha.