A Duba Sitiyari Kafin A Yi Fenti

Yau ina so in yi magana da 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Mile 12, da na Sabo a Ibadan, waɗanda Allah ya buɗa wa har suka kai ga sayen babbar mota, ko suke tara kuɗi domin saye.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani da idona a Dei-Dei, wato kasuwar nan ta katako da kayan gini da dabbobi da ke kan hanyar Kubwa zuwa Zuba a Abuja. Wani abokina, wanda ya shekara ashirin yana fataucin goro a Legas, ya sayi tsohuwar gingimari ta tokumbo. Cikin mako guda ya sa aka yi mata fenti, aka rubuta mata kirari a goshi, aka ɗora mata kaya sai Arewa. Motar ta yi tafiyar fiye da kilomita 700, ta hau tuddan Okene, ta wuce Lokoja da Abaji da Gwagwalada lafiya. Da ta iso Dei-Dei, direba na juya ta domin ya shiga wurin sauke kaya, sai ƙafar gaba ta dama ta karkace ta tsaya. Kan tayarod ya fice daga gurbinsa. Direban ya sauko ya zauna a ƙasa, ya daɗe bai ce uffan ba, domin ya san da a gangaren Okene abin ya faru, da labarin da za a kai gida daban ne.

Da aka tambaye shi, sai ya ce tun daga Ore ya ji sitiyari na wasa a hannunsa, ya kuma buga wa maigida waya. Amsar da ya samu ita ce: "Ka lallaɓa ta, in ka sauke kaya a duba." To, wannan kalma ta "lallaɓa" ita nake ƙara a gaban jama'a yau.

Mu fara sanin abin da muke saye. A shekarun 1970 da 1980 ana harhaɗa manyan motoci sababbi a ƙasar nan: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a kamfanin ANAMMCO na Enugu. Wanda ya saya a lokacin, shi ne ya fara taka motarsa. Yau kuwa talaka da matsakaicin ɗan kasuwa ba su da ƙarfin sabuwa, sai DAF ko MAN ko Mack da Turawa suka gama cin moriyarta, ta yi dubban ɗaruruwan kilomita kafin ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas ko ta Kwatano. Lambar da agogon tafiya ke nunawa ma ba abin dogaro ba ce, don ana iya mayar da ita baya. Sa'an nan motar da ta saba da titi sumul da kaya daidai awo, mu kan ɗora mata rodi da siminti da katako har sifirin ya miƙe, mu tura ta cikin ramuka.

Akwai kuma wani abu da mai saye ya kamata ya tambaya da babbar murya. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka motar da doka ta yarda da ita ita ce mai sitiyari a hagu. Motocin da ke fitowa daga Ingila kuwa sitiyarinsu a dama yake, sai a juya shi. Idan gwani ne ya yi aikin da kayan da suka dace, to madalla. Amma idan yanke-yanke da walda aka yi, ran direba na rataye ne a jikin wannan waldar. Mai saye ya shiga ƙarƙashin mota da fitila, ya nemi tabon walda da sababbin huji a jikin shasi kusa da akwatin sitiyari.

Galibinmu in za mu sayi mota, inji kaɗai muke saurare. A tayar, a duba hayaƙi, a ce lafiya lau. Alhali inji in ya mutu, mota tsayawa take yi, a yi asarar kwana biyu. Sitiyari in ya mutu, mota ci gaba take yi da gudu, ga kaya tan talatin a bayanta, ba mai iko da ita.

Binciken kuwa ba wuya gare shi ba. A tsayar da mota a daidaitaccen wuri, a tayar da inji, direba ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali. Idan ya motsa fiye da faɗin yatsu uku kafin taya ta amsa, akwai magana. Littafin koyar da direbobin manyan motoci a Amurka ma iyakar da ya sa ke nan, wajen inci biyu. Yayin da direba ke kaɗawa, bakanike ya kwanta a ƙasa ya bi kowace gaɓa da ido da hannu, tun daga akwatin sitiyari har zuwa kan tayarod na kowane gefe. Kowace gaɓa ƙwallon ƙarfe ne cikin gurbi, da roba a kansa mai riƙe giris. Da zarar robar ta yage, ƙura da ruwa suka shiga, sai ƙwallon ya ci gurbinsa a hankali har ranar da zai fice. Bayan haka a ɗaga gaban mota da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi ƙwal-ƙwal, ko kinfin ya ci ko boris ya saki. A duba man sitiyari, a ga ko famfo na kuka ko tiyo na yoyo. A dubi tayoyin gaba: wadda ta cinye a gefe ɗaya tana ba da shaida a kan abin da ke ƙasa.

Wajen gyara kuma ina roƙon abu uku. Na ɗaya, kada a yarda a yi wa ƙarfen sitiyari walda ko a gasa shi a miƙe. Wanda ya lanƙwashe a jefar. Na biyu, kada a sa ƙusa ko waya a madadin ɗan fil ɗin da ke kulle noti. Na uku, ƙofa da fitila da madubi ana iya sayen na hannu a Ladipo ko wata kasuwa, amma kan tayarod da kinfin a nemi sabo mai kyau, a canja hagu da dama tare, sa'an nan a kai mota a daidaita ƙafafunta. Sauran hidima, irin su juyen baƙin mai da canjin filta da duba birki da tukunyar iska, a yi su duka kafin lodin farko. Taya kuma a karanta lambobi huɗun nan da ke jikinta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce Malam, kuɗin adashe ne da bashi, masu bin bashi ba sa jira, kayan gyara sun yi tsada tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, dole mota ta fara kawo kuɗi. Gaskiya ne, ban raina wannan uzuri ba. Amma a yi lissafi. Mako guda a gareji da kuɗin gaɓoɓi huɗu, ina za a haɗa su da asarar mota da kayan mutane da diyyar rai? Kuma hatsarin babbar mota a wuri irin Dei-Dei ba ya tsayawa kan mai mota. Ba mu manta da watan Mayu 2022 ba, lokacin da mutuwar wata mata da ta faɗo daga babur babbar mota ta taka ta ya jawo rikicin da aka rasa rayuka, aka ƙone wani sashe na kasuwar katako, har hukuma ta rufe kasuwar. Mu da muke zaune a garin wasu mun fi kowa sanin yadda hatsari ɗaya ke zama faɗan ƙabila.

Wani kuma zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma malamanmu sun karantar da mu cewa sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali.

Shawarata ga mai shirin saye ita ce, kada ya zuba duk abin da ya tara a ciniki. Ya ware kuɗin sitiyari da birki da taya tun kafin ya taya mota, ya kuma je da bakanikensa, kada ya dogara da na dillali. Ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da sarakunan Hausawa na Kurmi, ku tsaya wa direban da ya ƙi tayar da mota saboda sitiyari, kada maigida ya karɓe makulli ya ba wani mai jin yunwa. Jami'an kiyaye haɗurra da na binciken lafiyar mota su ma su riƙa leƙa ƙarƙashin mota bayan sun duba takarda.

Abokina dai ya yi kwana tara a Dei-Dei yana jiran gyara, ya biya ninkin abin da zai biya a Legas, yana kuma godiya ga Allah da abin ya tsaya nan. Allah ya sa mu ɗauki darasi, ya kai matafiyanmu gida lafiya, amin.